Kasetun Yaya Sha'aibu

Da safen nan labari ya iske ni ina buɗe shago: Yaya Sha'aibu Mai Kaset ya rasu a Kona, gidan ƙanwarshi, bayan jinyar wata uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun san ni. Daga kwaleji na tsaya, ba wanda ya saya mini kamera ko ya kama mini shago. Amma abu guda mutumin nan ya koya mini, da shi nake cin abinci har yau.

Shekarar farin nan da soja ke riƙe da ƙasa, mutanen wani ƙauye wajen Attantane suka ɗauke ni aiki. Maigarinsu zai yi magana a kamera, a kai wa ƴaƴansu da ke cirani a Libiya su taimaka da hatsi. Na ɗauka, na juye a faifai. Da aka sa a lektar, na'urar kallon faifai, farko lafiya lau. Can tsakiya murya ta fara yin baya. Zuwa ƙarshe tsoho ya rufe baki yana share hawaye, muryarshi na ta magana. Masu kallo a shagona suka kwashe da dariya.

Na ce ai haka na'ura take.

Yaya Sha'aibu na tsaye bakin ƙofa. Ya ce, "Laminu, dattijo na roƙon abinci ka maida shi ɗan wasa? Ɗauko kaset ɗin ka biyo ni."

Shi ya nuna mini kamerar da na sayo a Kano hoto talatin take ɗauka a daƙiƙa, faifan da nake yi kuwa ashirin da biyar, shi ya sa suke rabuwa a hanya. Ya ware murya daban a ordinatar, wato kwamfuta, yana ja yana ragewa, ido a kan leɓen tsoho, har suka haɗu. Ya ce daga yau kafin kowa ya yi magana ya tafa hannu sau ɗaya, in ya gama ya sake, tafin nan biyu ne ma'aunina.

Ko shayi bai yarda na saya mishi ba.

Ganinmu na ƙarshe a shagonshi ne, ido ya yi rauni, yana share ƙurar kasetu. Na ce, "Yaya, wa ke kallon waɗannan yanzu?" Ya ce, "Rabin waɗanda ke ciki sun mutu. Masu su za su zo."

Daga jana'iza na biya shagonshi. Yanzu isansi, wato fetur, ake saidawa ciki a kwalabe.

Tun yana kwance mai ginin ya watso kasetun waje. Mutanen unguwa, har da waɗanda ya ɗauki bikinsu, suka farfasa su, suka zare zaren suka kai gona suka ɗaɗɗaura don korar tsuntsaye. Sunan ƴaƴansu, saukar karatu, wasiyyar iyayensu. Na tambayi mai ginin, ya ce mini, "Bana da ruwa ya yi gardama, gero za a ci ko kaset?"

Na san halin da ake ciki, ni ma ɗan manomi ne. Amma tsumma ma na korar tsuntsu. Kuma ko ɗayanku bai ɗaga waya ya kira ni ba. Yau kuma ku ne kan gaba wajen sa hotonshi kuna rubuta yabo. Tir.

Buhu biyu na tsinto, suna shagona. Kowane da suna a jiki, da rubutun hannunshi. Ku zo ku duba. Zan juye muku kyauta, baki da murya tare.

Allah Ya jiƙan Yaya Sha'aibu, Ya haskaka kabarinshi, Ya ba ƙanwarshi haƙuri. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Wanda kuma zaren ke gonarshi, ban ce ya kwance ba. In ya je duba gero, ya tsaya ya yi mishi Fatiha.