Kujerar Gaba ta Mushe Issouf

Attahir taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. A Takanamat aka haife shi, kuma tun yana ƙarami mutum ne mai sunkuyar da kai. In babba na yi masa magana, yatsun ƙafarsa yake kallo kamar ya ajiye wani abu a tsakaninsu. A gida yabon sa ake yi a kan haka. Ya yi lakkwal, wato firamare, a garin, ya wuce Tawa, ya wuce Yamai, ya dawo da digirin da ni ban iya faɗin sunansa ba. Aka ɗauke shi koyarwa a wata babbar makaranta a Tawa, gwajin shekara guda. In shugaban sashe ya ga koyarwarsa ya gamsu, ya zauna. In bai gamsu ba, a sallame shi.

Sababbin malamai irinsa ba wanda ya nuna musu yadda ake tsayawa gaban ɗalibai. An ba ka alli, an nuna maka ɗaki, shi ke nan. Sai suka haɗa kansu suka ce za su yi gayya irin ta gona. Wannan mako kowa ya je ajin Haula ya zauna a baya, mako mai zuwa ajin Abdurazak, daga nan a taru a gindin itacen bedi a dafa shayi, a gaya wa mutum inda ya gaza. Shawarar ta yi kyau, ban musa ba. Sai dai a gayyar da na sani, wanda ya bar ciyawa a bayansa tun bai kai ƙarshen gona ba ake yi masa tsiya. Tasu gayyar ta sannu da aiki ce kawai.

Ranar da Attahir ya fara shiga babban ɗakin karatu, wa zai gani a kujerar gaba in ba Mushe Issouf ba, malamin da ya kama hannunsa ya koya masa riƙe alli a Takanamat. Mushe muke ce wa malamin boko a wajenmu. Tsohon ya dawo karatu da furfurarsa don neman ƙarin girma a aiki. Attahir saura kaɗan ya durƙusa. Daga ranar kansa ya sauka, muryarsa ta bi shi. Yaya zai ɗaga murya a kan mutumin da ya taɓa share masa majina? Teburi yake karanta wa darasi. Na baya suka daina ji, sannan suka daina zuwa, shi kuwa bai ɗaga kai ba balle ya ga kujeru na ta zama wayam.

Ƴan gayya suka zo, suka zauna a baya kamar yadda aka shirya, ba abin da suka ji sai ƙarar fanka. A gindin bedi Abdurazak ya miƙa masa shayi ya ce, "Wallahi Dakta ka yi ƙoƙari." Haula ta ce darasin ya tsaru. Attahir ya dawo gidanmu, inda yake zaune a Tawa, yana murmushi, yana ba ni labari abokansa sun yaba. Haka suka yi ta zuwa har zafi ya shigo, suna shanye shayi suna yabon abin da ba su ji ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Shugaban sashe bai zo shan shayi ba. Ya zauna a baya, ya dubi ɗakin da rabinsa ba kowa, ya kasa kunne, ya fita tun darasi bai ƙare ba. Da hutu ya zo aka sallami Attahir.

Abokan suka zo gidanmu jaje, ni na kawo musu ruwa. Abdurazak ya girgiza kai ya ce, "Ai mu tun hwarko munka lura. Tsohon ga na gaba, shi ka hana shi sakewa."

Na ce, "To mi ya hana ku hwaɗa mai?"

Haula ta dube ni kamar na yi ashar. "Haba, ya za mu kunyata ɗan uwanmu? Kuma tsohon, wa ka iya ce mai shi tashi?"

Na ɗauke kwanon ruwan tun ba su gama sha ba. Wai kara ke nan. Sun tsare masa fuska a gindin bedi, sun bar aikinsa ya tafi.

Suna nan zaune Mushe Issouf ya yi sallama. Attahir ya zabura ya ba shi tabarma, ya koma gefe ya tsuguna. Tsohon ya zauna, ya juya wajen abokan, ashe ya ji maganarsu tun daga ƙofa.

"Ni kujerar gaba ba ta yi mini daɗi," ya ce. "Idona ya hi ganin allo daga nesa. Na zamna nan ne don in yaron ga ya ɗaga kai, shi ga huskar gida, shi ji ƙarhi. Shekara guda ina jira shi ɗaga."

Na dubi Attahir, yatsun ƙafarsa yake kallo.