Ranar da Na Ɗebo wa Shanshani Taliya

Shekarun baya can, lokacin da arzikin mai ya buɗe wa Gabon, ko'ina a Libreville gini ake yi, maigidana ya ɗauko ni daga Kano zuwa unguwar Alibandeng. Yana da ɗan kanti a gaban gida, idan ya tafi tashar jiragen ruwa ta Port Môle tarbar kaya ni ke tsaro. Faransancina duk na kanti ne. Na san "mil" dubu ke nan, "pat" kuma taliya. Da wannan nake ji da kaina.

Wata safiya ruwa ya ɗauke, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na kwantar da jaririyata. Sai ga maƙwabciyata, wata 'yar Gabon mai suyar kifi, ta taho a guje tana ihu: "Madam! Mil-pat! Mil-pat!"

Na ce a raina, yau na yi kasuwa, taliyar dubu da sassafe! Na faɗa kanti ina ɗebowa, har ina ce mata da Hausa, "Baiwar Allah, yi a hankali, akwai ta da yawa."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta sure yarinyar da hannu ɗaya, ta zare takalminta ta hau dukan tabarma. Sai a lokacin na gan shi: shanshani, ja, ya fi tafin hannuna tsawo, daidai inda kunnen 'yata yake. Ita kuwa ta dubi taliyar da na rungume, ta dube ni, ta gane abin da ya faru. Dariya ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa. Ni ma na biye mata, hawaye na zuba.

Da maigidana ya dawo na ba shi labari. Sai da ya duba yarinyar ya yi hamdala, sannan ya ce, "Ai ba 'pat' ɗin taliya ba ce, ta ƙafa ce. Sunansa ke nan a wurinsu, mai ƙafa dubu. Masu Ingilishi kuma mai ƙafa ɗari suke ce masa."

Na ce, "To Malam, wa ya fi gaskiya?"

Ya ce, "Oho. Mu dai ba mu tsaya ƙirge ba, shanshani muka ce muka yi ta kanmu."

Washegari na dafa taliyar nan da man ja da yaji na kai mata. Na koya mata "shanshani", ta ce "sansani", na rama dariyata. Daga nan kullum sai ta zauna a bencin kanti, ta nuna abu ta faɗi sunansa, ni ma in faɗi namu. A bakinta na iya Faransanci.

Yarinyar yanzu 'ya'yanta sun girma. Har yau idan na tuna, ba tsoron ne ke fara zuwa mini ba. Matar nan nake gani, ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshena, ta ruga ta ɗauki 'yata kamar ita ta haifa.