Ƙofar da Ba Ta Buɗe wa Sagir Ba

Jama'a a gyara tsayuwa, masu hula a dafe hula! Ga Bara'atu, gimbiyar garau-garau ta bakin get ɗin wani kamfanin fata a Challawa, wadda ludayinta ke yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara, mai raba mai da yaji ba ta duba fuskar manaja. Fadarta benci biyu ne da laima mai huji, dogarawanta kuwa ƙudaje.

Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta zo, ta biyo mijinta Salisu, wanda aikinsa jiƙa fatu ne a cikin kamfanin, har warin ya zama kamar rigarsa ta biyu. Suna haya a Panshekara. Kowa ya san tukunyarta, amma ba kowa ke leƙa ƙarƙashin teburinta ba. A can, cikin wani babban baho da aka shimfiɗe da tsummokara, ɗanta Sagir yake kwance.

Sa'anninsa sun yi nisa a firamare, shi kuwa bai taɓa riƙe wuyansa ba. In aka ɗaga shi, sai kan ya langaɓe kamar ganyen da ya sha rana. Ba ya zama, ba ya magana. Gumi yake yi ko da sanyi, ƙirjinsa na bugawa fat-fat, jikinsa kamar sillen kara. Sai dai akwai dariya. Jiniyar tashi daga aiki na kaɗawa zai washe baki, kai ka ce don shi aka kunna.

“Maman Sagir,” in ji wani lebura mai dogon baki, “mu kina ta ƙara mana tumbi, naki na gida ko tsoka babu?”

“Ci ka tashi, wani na jiran cokali.”

Wata tsohuwa a layinsu ta taɓa jan ta gefe ta ce ai wannan ɗan ruwa ne, a kai shi bakin kogi ya koma wajen danginsa. Bara'atu ta ce, “Baba, kogin Challawa da ko kifi ya yi ƙaura, shi zan kai wa ɗana?”

Bayan yawon asibitoci da ɗibar jini, har wani jinin aka aika da shi ƙasar waje, suka dace da wata likitar yara, Dakta Lubna. Ita ce ta zaunar da Bara'atu ta yi mata bayani da Hausa tsantsa. Ta ce akwai wani ɗan nama a gaban wuya, wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Shi ke fitar da wani sinadari da ke sa ƙwaƙwalwar yaro ta ginu. Na Sagir yana aiki, sinadarin ma ya yi yawa a jininsa, shi ke ƙona masa jiki yana ramewa. Amma ƙwaƙwalwa kamar gida ce mai katanga, sinadarin ba ya tsallakawa, sai ta ƙofa. Babbar ƙofar kuwa a rufe aka haife shi da ita.

“A danginku an taɓa samun namiji haka?” in ji likita.

Bara'atu ta tuna ƙaninta Muntari, da ya kwanta a kan tabarma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran sunan kowa ba.

“Likita, ƙofar guda ɗaya ce tak?”

“Akwai wasu ƙanana. Asalinsu na shigar da ɓarɓashin abinci mai gina jiki ne, irin na wake da ƙwai da nama, amma sinadarin yakan ɗan bi ta cikinsu.”

Likita ta ci gaba da magana, amma Bara'atu ta riga ta koma bakin get a ranta. Kullum tana gani: leburan da ba shi da kati, ko ya yi kuka maigadi ba ya buɗe masa. Amma da tirelar fatu ta iso aka wangale ƙofa, sai ka ga marasa kati sun maƙale a gefenta sun sulale ciki. Ashe abin da sauƙi. Tirela za a yawaita.

Daga ranar aka shiga yaƙi. Wake ta dafa ya yi luguf ta tace. Hanta ta daka, ƙwai ta dama a kunu. Yaron ba ya haɗiya da kyau, cokali ɗaya sai an yi ta lallashi, rabi ya shiga rabi ya biyo haɓa. Masu ciniki na ƙwanƙwasa kwano, ita tana durƙushe a gindin baho tana cewa, “Haɗiye, maigidana, buɗe musu su wuce.” Salisu ya daina cin naman da ke cikin kwanonsa, yakan naɗo shi a leda ya miƙo mata ta tsakanin ƙarafan get. Kowace safiya kuma sai ta zaunar da Sagir a cinyarta, ta zare tafin hannunta daga ƙeyarsa a hankali, tana riƙe numfashi. Kan ya faɗo. Ta tare, ta ce sai gobe.

Damina ta wuce a haka. Da ranar komawa asibiti ta zo, sikeli ya nuna ya ɗan ƙaru, likita ta yi murna. Bara'atu ta gyara mayafi ta zayyana mata dabarar tirela, tana jiran a ce saura kaɗan.

Dakta Lubna ta ajiye biro. “Maman Sagir, ki ci gaba da ba shi, jikinsa na bukata ƙwarai. Amma ba haka ƙananan ƙofofin suke ba. Abincin ba ya jan sinadarin, layi ɗaya ma suke bi. Kuma ko sun buɗe iya buɗewa, ba za su yi aikin babbar ba.”

“To wuyan fa? Zai ce Umma?”

Likita ta dubi yaron, shi kuwa ya yi mata dariya. “Ba zan yi miki alkawarin da ba ni da shi ba.”

Washegari ta fito kasuwa kamar kullum. Ni Mujahid, mai zaman bencinta ba aiki ba makaranta, na lura ba ta yi gwajin ƙeya ba. Ta dai dama kunun, da ƙwai a ciki. Abin ya dame ni, sai na buɗe bakin nan nawa da ba ya gajiya. Na ce ai na gani a waya Turawa na can suna haɗa wani magani, kuma wallahi in na zama gwamna sai na sa wa titin nan sunanta, da allo da fitila.

Ba ta ko ɗago ba. Ta busa cokali ta ce, “In ka gama, zo ka tallafe masa kai. Kunun na hucewa.”