Zankon da Na Ɗora wa Larabawa

Har gobe ban manta da ranar da zanko guda ya kusa mayar da ni Damagaram ba. Ku da kuka zo bara ku saurara, don ni ajina uku a boko, amma a laka farfesa ne.

Shekarata ta biyu ke nan a Dir'iyya ta ƙasar Saudiyya, kamfaninmu na gyaran tsofaffin gidajen ƙasa. Tsarin aikin haka yake: akwai muhandis, wato injiniya, sai shugaban ma'aikata, sai mu magina, sai masu kwaɓa. Bisa kowa kuma akwai wani Baturen Ingila da aka ɗauko musamman don ya hana mu aiki. Mai-Awo muke ce masa, don ko tsagar bango sai ya auna ta ya ɗauke ta hoto kamar amarya.

Wata Lahadi da safe aka ba ni kusurwar wani soro da kanta ya zube. Shugabanmu Usman, Basudane mai jin Hausa, ya ce, "Baba Illa, mayar da ita yadda take." Ya yi gaba. To ni ina na san yadda take? Ban kai shekara ɗari biyu ba. Su Larabawa, 'yan ƙananan haƙoran laka suke jerawa a bakin soro. Ni kuwa da hannuna ya isa kusurwa, abin da ubana ya koya masa ya yi. Na tayar da zanko dogo mai tsini, na shafe shi sumul, har na ja da baya ina yaba kaina.

Bayan azahar Mai-Awo ya gani, fuskarsa ta yi ja, aka kira ni ofis. A hanya Usman ya ce, "Baba, in ya rubuta takarda, kafil, ubangidan da ya kawo ka ƙasar nan, zai soke iƙamarka, takardar zamanka. Ka ce kuskure ne, ka ja bakinka." Ga shi bakuna tara ke ci daga wannan iƙama.

Bature ya buɗe kwamfuta ya nuna mini wani gida a ƙauyen ƙasarsu inda ya daɗe yana aiki. Na jan bulo ne, tun zamanin wata tsohuwar sarauniyarsu. Tagogi masu tsini, bututun hayaƙi birjik, ga hasumiya a gefe. Usman na fassarawa: hukuma ta sa gidan a rajista, mai shi ko sakatar taga ba ya canzawa sai da izini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan hasumiya ladan ke hawa ko mai gadi?"

Ya ce ba mai hawa, ko matakala babu a ciki. Attajirin da ya gina gidan ne ya ga irinta a wata ƙasa, ya sa aka kwaikwayo masa don a zaci gidan kakanninsa ne.

"To shi maginin, wa ya soke masa iƙama?"

Usman ya taka mini ƙafa. "Wannan ba zan fassara ba."

"Fassara, ɗan'uwa. Ka ƙara da cewa a bar zankona ya shekara ɗari, jikan Baturen nan zai zo ya hana a taɓa shi."

Ya fassara yana kallon ƙasa. Bature ya yi dariya har ya cire tabarau. Da ya mayar da tabarau ya ce duk da haka zanko zai sauka. Ya tambaya wa zai iya sauke shi tsohon bango bai tsage ba. Usman ya ce sai wanda ya ɗora.

Kwana biyu ina jiƙa shi da buhu ina ɓantara kaɗan-kaɗan. Aka kawo tsohon hoton soron, na jera haƙoran Larabawa reras. Mai-Awo ya duba ya girgiza kai, wai sun cika kyau, na da a karkace suke. Na rushe, na runtse ido ɗaya, na yi irin ginin da ubana zai mare ni a kansa. Bature ya miƙo mini hannu, takarda kuwa ba a rubuta ba.

Abin da na koya, yarana, a wannan sana'a kuskuren da ya tsufa shi ake kira tarihi, ana biyan kuɗi a kalla. Naka na yau laifi ne. Saboda haka duk wanda ya ce muku "mayar da shi yadda yake", kada ku taɓa laka sai ya kawo hoto.