Ƙamshin Da Akuya Ta Ƙi

Ranar nan tun hantsi ban zauna ba. In na shimfiɗa tabarma sai in naɗe, in leƙa turke, in dawo, in sake komawa. Jar akuyata ta haihu, ɗa guda, ya kwana lafiya, gari ya waye ta ƙi shi. Da ya matso wajen nono sai ta sa kai ta ture shi. Wanda ya yi kiwo ya san ɗan kwana ɗaya ba ya wuni biyu da yunwa.

Jikata Nana ce ta jawo. Shekararta shida. Babanta ya kawo mata wani littafi mai hotuna daga Jega. Ni ban yi boko ba, kuma ban ji kunyar faɗa ba, don abin da ke cikina ya fi ƙarfin takarda. Amma hoto ba ya neman malami. A ciki na ga wata yarinya ta yi wa ɗan rago wanka, ta ɗaura masa ƙyalle a wuya, ta rungume shi, kowa yana dariya har ragon. To, Nana ta gani ta yi. Da sassafe ta ɗauke ɗan akuyar, ta wanke shi da sabulun uwarta, ta mulke shi da man shafawa, ta goya shi da zane tana jijjigawa.

Na ce, "Ke Nana, mi kinka yi mashi?"

Ta ce, "Iya, littafi ya ce a so dabbobi."

"Shi littafin ya taɓa kiwo?"

Ta yi rau-rau da ido. Na bar ta, don ba mugunta ta yi ba. Masu littafin ma ba su yi ƙarya ba, sai dai takarda ba ta da wari, ita kuwa akuya da hanci take sanin nata.

Ina ta kai-komo sai na ji muryar kakata, Inna Tumba, kamar tana bayana. A Mungadi ta raine mu. Lokacin cirar albasa mata kan wuni suna dakan gabu, wato ganyen albasa da ake dunƙulawa a shanya don miya, har ido ya gaji da hawaye. Bayan isha sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta, hannuwanmu duk warin albasa. Ba ta taɓa fara tatsuniya ba sai ta tambaya, "An ba jaki ruwa? An ruhe kaji?" In aka ce an manta, to bakinta a rufe yake sai an je an yi. In komai ya kammala sai ta zuga wuta ta ce, "Ga ta nan, ta iso bakin ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta!"

Akwai wata tatsuniya da ba na so, kuma ita ta fi yi mana. Wai wata mata ce mai zaman kaɗaici ta tsinci ɗiyar barewa a bakin gonarta. Ta kawo ta gida, ta ba ta kunu, ta yi mata lalle a ƙafafu, ta turara ta da turaren wuta, ta rataya mata 'yar ƙararrawa don ta riƙa jin motsinta. Barewa ta girma, sai ta fara tsayawa a bakin danga tana kallon daji. Matar ta ga haka, ta yi kuka, ta buɗe mata ta tafi. Amma duk garken da ta nufa, da sun ji ƙararrawa da ƙamshin hayaƙi sai su watse. Kwana bakwai tana bin 'yan'uwanta suna gudun ta. Ta dawo ƙofar matar a rame.

A nan Inna kan sirance murya ta yi maganar barewar: "Inna ta gida, kin ba ni komi, kin amshe mani dangi."

Wani a cikinmu kan yi caraf ya ce, "Sai maharbi ya harbe ta!" Inna ta ce, "Kai dai ba ka da aiki sai kisa. Yi mani shiru."

Matar, in ji Inna, ta tsinke ƙararrawa, ta kai barewa fadama ta dirje lallen da laka, ta birkiɗa ta a makwancin barewa har ƙamshin gida ya fita. Barewa ta biyo ta za su koma tare. Sai matar ta ɗauki kara ta tsula mata, ta kore ta, ta juya ba ta waiwaya ba.

Ni nan nake fashewa da kuka. "Inna, don mi za ta buge ta?" Sai ta kakkaɓe zane ta ce, "Ta ƙare, ƙurmus, kan kusu ya faɗa toka. Ku tashi."

Ranar da Nana ta yi wannan aiki, bayan azahar na daina zarya na ɗaura ɗamara. Na sa uwar Nana ta riƙe mini ƙahon akuyar, na tatsi nono na goge ɗan da shi daga kai har wutsiya, na birkiɗa shi inda uwar ke kwana, na barbaɗa masa gishiri a gadon baya. Na ajiye shi nesa kaɗan da ita. Sannan na zaunar da Nana a gefena na ce, "In kina son shi, ki zauna bisa hannuwanki."

Ta zauna a kansu kuwa. Ɗan yana kuka, muryarsa har ta dushe, Nana ma tana yi. Sau biyu ta zabura na riƙe zanenta. Akuya ta shinshina ta kau da kai. Ta ci harawa. Ta sake shinshinawa. Ni kuwa ina ta salati a ciki. Sai gab da magariba gishirin ya ja ta, ta lasa sau ɗaya, ta ƙara, ta ci gaba, har ta buɗe ƙafa ya kama nono.

Shekara da shekaru na ɗauka matar nan ta tatsuniya mai taurin zuciya ce. Kunu da lalle na ɗauka su ne ƙauna, don su ne masu daɗin yi. Sai da na riƙe zanen jikata, ina jin yadda jikinta ke fizga, na gane abin da matar ta ji a hannunta lokacin da ta ɗaga karan. Ban sani ba ko ana iya zana wannan a hoto. In an zana ma, wane yaro zai so shafin?

Nana ta share ido ta ce, "Iya, to yaushe zan ɗauke shi?"

Na ce, "Ba za ki ɗauke shi ba. Ki riƙa kawo wa uwar dusa kullum. In ya yi ƙwari, shi zai zo ya ci miki gefen zane, har ki gaji da korar shi."