Kwallin Baba Da Na Yi Wa Ƙanena Hassada

A wancan lokacin ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Dayi, siriri kamar karan dawa, ga ni da riƙo a zuci. Ni ne babba a wajen mahaifinmu, amma ƙanena ne ya ɗauko kamanninsa, har da wani tabo rawaya-rawaya a fatar ido ta wajen hanci, wanda a gidanmu ake kira kwallin Baba. Kakanmu yana da shi, Baba ma haka, kuma duka biyun an san su da albarkar noma. Saboda haka aka ɗauka duk wanda kwallin ya fito wa, shi ya gaji arzikin gida. Ba wanda ya taɓa lura cewa a cikinsu babu wanda ya tsufa. Baba a bakin gona ya dafe ƙirji ya zauna, bai sake tashi ba, aka ce kwana ne ya ƙare.

Na yi wa ƙanen nan nawa hassada tun ran da tabon ya fito masa. In goggonninmu suka zo, shi suke kama wa haɓa suna hawaye, wai sun ga ɗan'uwansu ya dawo, ni kuwa iyakaci a tambaye ni ya gona. Da girmana, sai in leƙa madubin babur in ja fatar idona, ko nawa ya fara. Da ya koma Funtua ya kama harkar hatsi, ya ajiye tumbi, ya sauke farali aka fara ce masa Alhaji, abin ya ƙara ci na. Ko gaisuwa ya yi min da fara'a, sai in ji kamar nuna min idonsa ya zo yi.

Sai ga abin da na ɗauka ramuwa ce. Babban ɗana bai daɗe da aure ba kwallin ya fito masa, a ido biyu ma. Ranar kasuwa na ja shi rumfa-rumfa kamar ƙaramin yaro, ina cewa jama'a su shaida, gadon Baba ya dawo ɗakin da ya kamata.

Ana cikin haka ƙanena ya zo takanas. Ya ce numfashi ne ya fara gagararsa in ya ɗan yi tafiya, ya je asibiti, likita na kallon idonsa ya sa aka ɗebi jini. Wai kitse ne ya yi masa yawa a jini, abin da suke kira kolestarol, kuma irin nasa gado ne. Taruwa yake a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya har ya toshe su, tabon nan ma kitsen ne ya leƙo ta fata. An ɗora shi a kan magani na kullum, an ce ya rage man shanu da nama mai kitse, an kuma ce lallai 'yan'uwansa da 'ya'yansu su je gwaji, masu ƙiba da marasa ƙiba. Na yi dariya na ce wannan ciwon masu cin balangu ne, mu da muke yini muna huɗa a kan tuwo da miyar kuka ina muka ga kitse. Ban tsaya nan ba. Na ce baƙin ciki yake yi kwallin ya shigo gidana, shi ya sa ya mai da shi cuta. Ni da hassada ta hana barci, ni ne nake kiran wani mahassadi.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka ƙi ni in ka ga dama, amma ka bar ni in kai yaron nan a duba jininsa." Na ce ban yafe wa ɗana ba in ya shiga motar baffansa. Yaro ne mai biyayya, bai shiga ba. Da ya fara cewa ƙirjinsa na nauyi in ya kama garma, na ce ƙwannafi ne, uwarsa ta jiƙa masa kanwa.

Da kaka muna kwasar masara, ɗana ya ɗora buhu a kafaɗa, ya yi ɗan taku, ya sauke. Ya dafe ƙirji ya zauna a bakin gona, daidai zaman da Baba ya yi. Wanda na kira a waya ina kuka shi ne ƙanen da na kora, nan da nan kuwa ya kawo motar. Daga asibitin Malumfashi aka tura mu babban asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, ɗana ya rayu, amma an ce wani sashe na zuciyarsa ya lalace. Matashi ne mai jaririya a gida, amma yanzu a inuwa yake zama yana kallon mu muna aiki.

A nan ne likita ya ji tarihin gidanmu, ya sa aka gwada ni. Da sakamako ya fito ya ce, "Malam, ta wajenka ɗanka ya samu. Kai ma ka gaji mahaifinka, tabon ne kawai bai fito maka ba." Tun ƙuruciya nake jiran wani ya faɗa min maganar nan, ga inda na ji ta.

Yanzu ni da ƙanena magani ɗaya muke sha, sauran 'ya'yanmu kuma duk an kai su gwaji. Abin da na koya shi ne, hassada ba idon mutum kaɗai take rufewa ba, har kunne. Ina roƙon masu karatu, in a gidanku ana faɗuwa da ciwon ƙirji tun ba a tsufa ba, ko kun ga irin wannan tabo a ido, ku je a duba jininku. Kada rama ta ruɗe ku, kada kuma ku ƙi gaskiya don ta fito daga bakin wanda kuke jin haushi. Ni na ƙi ta, amma ba ƙirjina ta fara bugawa ba, na ɗana ta buga.