Atamfar da Inna ba ta lasa ba

Mahaifiyata, Inna, ba ta sayen atamfa sai ta lashi gefenta. Takan ce ta gaske gishiri-gishiri take a harshe, jabu kuwa lami. Mutum ɗaya ne a Kantin Kwari ba ta lasar kayansa, wani Alhaji da take ciniki da shi tun tana amarya a Fagge. A wurinta, lasar kayansa cin fuska ne.

Bayan idonta ya mutu, na riƙe mata hannu muka je ta saya mini atamfar fitar suna. Alhaji ya taso da kansa, ya ɗora mata turmi a cinya, ya ce, "Hajiya, wannan ke na ɓoye wa." Shafawa kawai ta yi, ta sa masa albarka.

Wankin farko, ruwan baho ya koma ja wur. Tana kan tabarma ta ce, "Ba ta zuba, ko?" Na ce mata ba ta zuba.

Ranar da ta rasu, shi ya ja addu'a a ƙofar gida, muryarsa har rawa take, marar kunya. Matan cikin gida duk suka ce amin. Ni bakina ya ƙi buɗuwa.